Kwana Takwas Cikin Doguwar Safa

Babu inda ba ka samun barbashin taya a gidan Wade Stidham. Baƙaƙen ƙwayoyi ne ƙanana kamar kashin ɓera, waɗanda ake zubawa a tsakanin ciyawar robar filin sakandaren Marlow Bend don ta yi laushi. Tessa suke biyowa gida, cikin takalmi da safa da gashin kai. Uwarta Lorna ta share har ta gaji ta bari. Tsoho Orval ne kaɗai bai daina tsintarsu ba, yana jefawa a wani tsohon gwangwanin kofi.

Shekara talatin da ɗaya Orval ya yi yana kula da ciyawa ta gaske a filin nan, yana yanka, yana ban ruwa, yana zuba taki. Sai ga ɗansa na cikinsa, Wade, shugaban ƙungiyar iyayen 'yan wasa, ya ja gaba aka tone ta aka shimfiɗa roba. Yanzu tsohon yana zaune a ɗakin da ke jikin garejin ɗan nasa, ba aiki, ba makullin mota, sai wata 'yar ciyawa mai faɗin tabarma biyu da ya ɗebo daga tsohon filin ya dasa a bayan ɗakin.

Ranar Alhamis da yamma Tessa ta shigo ɗakinsa tana ɗingishi. Shekarunta goma sha shida, ita ce golar ƙungiyar 'yan matan makarantar, kuma duk ranar da ta dawo daga atisaye wurin kakanta take fara biyawa.

"Tsohon ciyawa, kana nan da rai?"

"Ina nan, mai hannun rariya. Nawa suka zura miki yau?"

"Ko ɗaya, Papaw. Amma duba abin da na samo."

Ta ɗora ƙafar hagu a kan kujera. Zafi ne ya sa ta naɗe safarta ƙasa, ta yi tsalle ta kama ƙwallo, robar ta ƙuje ta daga gefen gwiwa zuwa tsakiyar ƙwauri. Fatar ta saluɓe, faɗin tafin hannu, jawur, ga barbashin taya ya nutse a ciki kamar an barbaɗa barkono.

Abin da ya fara zuwa zuciyar Orval ba tausayi ba ne. Ai na faɗa, shi ne ya fara zuwa. Sai da wannan ya wuce sannan ya miƙe neman ruwan ɗumi da sabulu.

Bai kai ga famfo ba Wade ya shigo, ƙato mai jar fuska, hular ƙungiya a kansa. Ya leƙa ciwon ya yi dariya.

"Wannan ne ake ta taro a kansa? A zamaninmu ƙasa muke shafawa mu koma fili."

"A wanke shi, a tsince baƙaƙen nan," in ji Orval. "Gobe ta nuna wa Misis Gault."

Dariyar Wade ta ɗauke. Misis Gault ita ce ma'aikaciyar jinyar 'yan wasa, kuma dokar makaranta ce duk wanda fatarsa ta buɗe ya nuna mata, ta rubuta a littafi, in ta ga dama ta hana shi wasa. Littafin nan ana karanta shi a taron hukumar makarantun gari. Taro na gaba kuwa Alhamis mai zuwa ne, ranar da za a jefa ƙuri'a ko filin ƙaramar sakandare ma za a mai da shi roba.

"Gault ta gani ta rubuta, matan nan masu ɗaga kwali don ƙin roba su sami abin yi mini ihu da shi? 'Yar Wade Stidham ce fa. Hotonta za su buga." Ya juya ga Tessa. "Kuma Asabar ta sama mutumin jami'a mai neman 'yan wasa zai zo kallonki. Kina so ya same ki a benci?"

"A'a, Dadi."

"To miƙo ƙafar."

Ya watsa ruwan gora a kai sau ɗaya, ya ɗauko farin filastan da ake ɗaure idon sawu da shi, ya naɗe ciwon tamau, da barbashin da komai. Ya ja doguwar safa ta rufe har saman gwiwa.

"Shi ke nan. Wa ya ga wani abu?"

Ranar Lahadi Tessa ta je coci da dogon wando, ana zafin da kowace yarinya ta sa gajeren siket. Da aka zauna cin abinci, ga soyayyar kaza ga kirɓaɓɓen dankali da romo, abin da ta fi so a duniya, sai juya cokali take yi. Orval ya lura ba ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta a ƙarƙashin tebur.

"Lorna, kin duba ƙafar yarinyar nan?"

"Babanta ya buga ƙwallo, Orval, ya fi ni sanin waɗannan abubuwan. Miƙo mini waken nan."

"A kai ta likita ya gani. Minti goma ne."

Wade ya ajiye cinyar kazar da ke hannunsa ya goge baki.

"Baba, mu faɗi gaskiya. Ba ƙafar Tessa ke damunka ba, ciyawarka ce ke maka ciwo. Shekara biyu kana jiran wani ya faɗi a filin nan ka ce ka faɗa. Yau kuma jikarka za ka yi amfani da ita?"

Maganar ta soki tsohon, don akwai ɗan gaskiya a cikinta, kuma shi ya sani.

"In zaman nan ya ishe ka," Wade ya ci gaba, ya nuna firji da haɓa, "mutanen nan sun ce akwai ɗaki. Har da lambu suke da shi, sai ka yi ta kallon ciyawa."

A jikin firjin akwai takardar gidan tsofaffin da ke bayan gari, an manne ta tun bazara. Orval ya taɓa zuwa can gai da wani abokinsa, ya same shi a ɗaure a kujera yana kallon bango. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin abincinsa.

Litinin ta je atisaye ta dawo. Talata ma ta je, amma da ta dawo sai da ta dafa bangon gareji kafin ta kai ƙofarsa. Ba tsokana, ba dariya. Ta rufe ƙofa ta zauna a bakin gado.

"Papaw, taimake ni in canza filastan. Ni kaɗai na kasa."

Da ya ɓare, wari ya bugi hancinsa, irin warin ciyawar da aka tara jiƙe aka manta da ita cikin buhu. Ciwon ya yi fari-fari da mugunya, gefensa ya kumbura yana sheƙi, jan ya bazu har bayan gwiwa. Ya taɓa da bayan hannu ya ji kamar murfin tukunya.

"Tessa, wannan ya wuce filasta. Yanzu zan kira asibiti."

Ta cafke wuyan hannunsa da hannun nan nata na gola.

"Kar ka yi. Don Allah, Papaw. Dadi ya ce bayan taro zai kai ni da kansa. Kwana biyu ne. In ka kira, cewa zai yi don ciyawa ka yi, ya kai ka gidan can. Wa zan dinga zuwa wurinsa in na dawo?"

"Yarinya, ƙafarki ce."

"Ƙafata ce, shi ya sa na ce ka bari. Rantse ba za ka faɗa ba. Rantse da kabarin kakata Mamaw."

Ya dubi idonta, sun yi ja, suna ƙyalli da zazzaɓi. Ya tuna abokinsa da bangon nan. Ya rantse. Ya wanke abin da zai wanku, ya tsince ƙwayoyi goma sha ɗaya da hantsaki tana cizon filo, sauran sun yi nisa ciki. Ya naɗe ya ja mata safa da hannunsa.

Bayan ta fita ya jefa ƙwayoyin a gwangwanin kofi. Ya wanke hannu sau uku, warin bai fita ba.

Ranar Alhamis ƙarfe shida aka cika ɗakin karatun makaranta. Masu son roba a dama da hulunan ƙungiya, masu son ciyawa a hagu da kwalayensu. Wade ya sa Tessa ta sa rigarta ta gola mai ruwan ɗorawa, ya zaunar da ita a layin gaba. Daga inda Orval yake a baya yana hango gumi na bin bayan wuyanta, alhali na'urar sanyaya ɗaki na aiki.

Aka yi ta musu. Wata uwa ta ce robar na ƙona tafin ƙafa da rana. Kocin maza ya ce a zamanin ciyawa in aka yi ruwa sati biyu ba wasa, sai taɓo da ramuka da targaɗe. Kowa da gaskiyarsa. Misis Gault ta buɗe littafinta ta karanta: targaɗe huɗu, ƙujewa shida, duk sun warke, babu wanda ya ruɓe.

Sai Wade ya miƙe ya kama makirufo.

"Ni ba zan yi dogon surutu ba. Ga 'yata nan, babu wanda ya kai ta faɗuwa a filin nan. Tess, tashi ki gaya musu."

Ta dafa kujerar gabanta ta miƙe a kan ƙafa ɗaya. Fuskarta ta yi toka-toka.

"Ina son filin," in ji ta. "Yana da kyau."

Aka tafa. Shugabar taro ta duba agogo ta ce ko akwai mai sauran magana. Kawunan ɓangaren hagu suka juyo baya gaba ɗaya, don kowa ya san Orval Stidham da ciyawa. Ya dafa sandarsa, ya ɗaga rabin jikinsa. Kalma huɗu ce kawai a bakinsa: ku sauke safar yarinyar. Wade ya juyo ya zuba masa ido. Tessa ma ta juyo, ta girgiza kai a hankali.

Ya koma ya zauna.

Cikin 'yan hukumar, biyar suka ce roba, biyu suka ce ciyawa. A mota Wade yana ta fito yana buga sitiyari.

"To, taro ya wuce," in ji Orval daga baya. "Mu biya asibiti."

"Yanzu? Su ba ta takarda su ce kar ta buga Asabar? Baba, kwana biyu ya rage. Mutumin nan daga nesa zai taso. Ana gama wasa, ni da kaina zan kai ta, ko takalmi ba za ta cire ba."

"Haka ka ce game da taro."

"Lorna, kin ji shi ko? An kayar da shi biyar da biyu, bai haƙura ba."

"Mura ce ke damunta," in ji Lorna, idonta a kan titi. "Ana ta yin ta a makaranta. Zan ba ta magani."

Tessa ta runtse ido. Ta jingina kanta da gilashi, haƙoranta na haɗuwa.

Juma'a da safe Lorna ta buga wa makaranta waya ta ce mura, ta ajiye ƙwayoyi biyu da jakar ƙanƙara a gefen gado, ta tafi aiki. Wade ya leƙa ya ce a huta sosai, gobe babbar rana ce, shi ma ya tafi. Gidan ya yi tsit.

Orval yana kicin yana zuba kofi ya ji wani sauti daga sama. Tsit, tsit, tsit, tsit. Kofin ya kusa suɓuce masa. Sautin bututun ban ruwansa ne na tsohon fili, wanda ke juyawa yana fesa ruwa da sassafe, wanda aka tone aka zubar shekara biyu da suka wuce. Ya hau matakala yana jan gwiwa.

Tessa ce ke yin sautin da bakinta. Tana kwance a karkace, gashinta ya jiƙe sharkaf, idonta a buɗe amma ba shi take kallo ba. Tun tana 'yar shekara huɗu yake zuwa da ita fili tana gudu a cikin feshin nan ba takalmi.

"Papaw, kunna ruwan," in ji ta. "Ciyawar na ci da wuta. Kunna mana."

Safar ta ƙi fita, ta nutse cikin kumburi. Ya sauka ya ɗauko almakashinsa na gyaran gefen ciyawa ya yanka ta daga sama har ƙasa. Ƙafar ta kumbura ta ninka biyu. Daga gwiwa zuwa idon sawu ta yi shuɗi da baƙi, ga bororo cike da ruwa, ga wani jan layi ya miƙe cinya yana hawa.

Waya na kan tebur. Lamba uku ce kawai ta kiran motar asibiti. Lamba ukun nan suna nan tun ranar Talata, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Ya danna su.

A asibiti, likitar da ta fito gare su wata doguwar mace ce mai furfura, Dakta Pruitt. Wade da Lorna sun iso a guje. Likitar ba ta zauna ba.

"Yaushe ta ji ciwon?"

"Kwana biyu, uku," in ji Wade. "Yaran nan ba sa faɗa, Dakta. Ɓoye mana ta yi."

"Wa ya naɗe shi da filastan targaɗe?"

Wade ya kau da kai.

"Kwana takwas ne," in ji Orval. "Alhamis waccan."

Wade ya juyo kamar zai cinye shi. "Ka ji daɗi yanzu! Dakta, kar ki saurare shi, yaƙi yake yi da filin roba, so yake a ce filin ne."

"Malam Stidham, ni ban san ciyawa ba, ban san roba ba," in ji likitar. "Yara na ƙujewa a kan siminti, a kan tsakuwa, a kan ciyawa. Kullum ina ganinsu, in wanke, in ba da magani, su tafi gida. Da Litinin aka kawo ta, da yanzu tana aji. Da Talata ce, da mun yi ɗan aiki ta warke." Ta dubi Orval. "Kai da ka san kwanakin, yaushe ka ga cikin filastan?"

Ya buɗe baki. 

"Talata."

Ta dube shi kawai, ta juya ta shige.

Likitoci sun yi ta yanka suna bin ruɓar, tana gudu tana gaba da su. Ranar Asabar ƙarfe biyu, daidai lokacin da alƙalin wasa ya busa usur a filin Marlow Bend, wata yarinya daban a raga, aka cire ƙafar Tessa ta hagu daga saman gwiwa.

Garin ya yi abin da ya saba. Matan coci suka yi layi da kwanukan abinci har firji ya ƙi rufuwa. Fasto ya yi addu'a ya ce hanyoyin Ubangiji ba a gane su. Ƙungiya ta ɗinka lambar Tessa a hannun riga. Duk wanda ya zo jaje, Wade zai girgiza kai ya ce wata muguwar ƙwayar cuta ce, cikin dare ɗaya ta yi ɓarnar, babu wanda zai iya sani. Lorna ta ce ita mura ta ɗauka. Sun faɗa sun sake faɗa har ya zauna musu a baki, kuma da alama har a zuciya. Masu kwali sun zo wurin Orval a ɓoye suna so ya yi magana a jarida, ya rufe musu ƙofa. Kafin sanyi ya shigo aka shimfiɗa roba a filin ƙaramar sakandare, aka kafa allo a bakin ƙofa da sunayen waɗanda suka yi ƙoƙari, na Wade a sama.

Takardar gidan tsofaffi ta ɓace daga jikin firji. Ba wanda ya ce wa ya cire. Orval ya gane abin da ake nufi: ɗakinsa nasa ne, muddin bakinsa na rufe.

Babu mai zuwa fili daga gidan yanzu, amma barbashin bai ƙare ba. Yana fitowa daga ƙarƙashin kujerar mota, daga cikin injin wanki, daga tsagin matakala. Wata safiya Lorna ta ga ƙwaya ɗaya a cikin kwanon sukari, ta saki kwanon ya fashe. Orval kuwa duk sassafe sai ya ji tsit, tsit, tsit, ya fito ya duba, ba komai.

Tessa ta dawo gida a keken guragu bayan sati bakwai. Ba ta biya ɗakinsa ba. Sai wata Lahadi da rana, iyayenta sun tafi coci, ya ji ƙarar taya a kan tsakuwa. Ta tura kanta har bayan gareji, inda 'yar ciyawarsa take. Ta cire takalmin ƙafar dama ta ɗora tafin a kai, tana motsa yatsu.

Ya fito ya tsaya a gefe, hula a hannu.

"Mai hannun rariya," in ji shi a hankali.

Ba ta mayar masa ba. Ta daɗe tana kallon ciyawar.

"Dadi na san abin da yake so. Momi kuma tsoronsa take ji, tun ina ƙarama na sani. Su na gama da su." Ta ɗago. "Kai ne ban gane ba, Papaw. Ka gani ranar Talata. Ka ji warin. Me ya sa ba ka kira ba?"

"Ke kika sa na rantse, Tessa. Da kabarin kakarki."

"Na sani." Muryarta ba ta tashi ba. "Shekarata goma sha shida, zazzaɓi na cina. Kai shekararka saba'in da huɗu."

Ya sunkuyar da kai yana juya hular da ke hannunsa.

Ta sunkuya za ta mayar da takalmin, sai ta tsaya, ta kife shi ta girgiza. Baƙar ƙwaya ɗaya ta faɗo a tafin hannunta. Ta miƙa masa.

"Ungo. Sa a gwangwaninka."

Ta juya keken da kanta. Ya ɗaga hannu zai tura ta, ta ce ya bari. Ya tsaya a kan ciyawarsa, kore shar, babu rami ko ɗaya a cikinta, yana jin ƙarar tayoyin na nisa a kan tsakuwa, ƙwayar a damƙe a hannunsa.